Ranar da Mai Haƙuri Ta Tsaya a Kan Koren Fitila

Abba, ranar sunan ƙanwarka ina kicin ina zuba shinkafa a robobi, na jiyo abokan mahaifinka a falo suna ba da labarin tseren motocin nan, ana ta ƙyaƙyata dariya. Yadda suke faɗa, wai kakanka ne ya ruɗe a cikin mota, ya riƙe wa mahaifinka hannu har aka cinye su. Kai kana zaune a kan kafet kana cin cincin, ka ɗaga kai ka taya su dariya, alhali ba ka san abin da ake wa dariyar ba. Mahaifinka bai gyara musu ba, don ba halinsa ba ne. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Sunan kakanka kake ɗauke da shi, shi ya sa babu mai iya kiranka da shi a gidan nan sai dai Abba, kuma ba na so ka girma da labarinsa a karkace. Na rubuta maka da Hausa da gangan. Idan kana son sanin yadda aka yi, sai ka zauna ka koyi karanta ta.

Kakanka, wanda ni da mahaifinka muke kira Baba, direban haya ne tsakanin Zariya da Jos kafin mu zo ƙasar nan. Motarsa irin doguwar nan ce ta Faransa mai kujeru layi uku, wadda ake cika ta da mutane, a ɗora buhunan dankali a bayanta har ta durƙusa, kuma ta hau tsaunuka ba ta yi tari ba. A tasha kowa ya san shi. Da Umma ta sami gurbin ƙaro karatu a Manchester, muka biyo ta, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, Yaya Mukhtar, wato mahaifinka, yana gaba da ni. A nan Baba ya koma mai raba burodi a shaguna da farar motar kamfani, babu mai gaishe shi da sunan direba, babu mai jiran ya cika. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Amma wata Asabar ya dawo gidanmu na unguwar Levenshulme a bayan motar janwe, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa kayan salla. Ya samo irin motarsa a rumbun wani manomi, ta yi shekaru kaji na kwana a cikinta, kuma sitiyarinta a hagu yake kamar na gida. Ya sa mata suna Mai Haƙuri. Umma ta leƙo ta taga ta ce lalle sunan ya dace, amma da ita ya kamata a kira shi, ba motar ba.

Akwai abin da dole ka sani game da Baba, in ba haka ba sauran labarin ba zai yi maka ma'ana ba. Ba ya motsa mota sai ya gama addu'a. Ba kuma wadda kowa ya haddace kawai ba. Idan ya kammala ta Larabci sai ya ɗora tasa da Hausa, hannunsa a kan giya, idonsa a kan titi: Allah ya kai mu lafiya, ya kai wanda ke gabanmu, ya kai wanda ke bayanmu, ya tsare mai tsallaka titi, ya tsare dabbar da ba ta da wayo, ya ba mai sauri haƙuri, ya farkar da mai gyangyaɗi. Haka zai yi ta jero su, wani lokaci har da ƙarin wanda ya tuna a ranar. A tashar Zariya fasinjoji kan amsa masa da amin. A titin Stockport Road na Manchester kuwa ƙahon motoci ne ke amsawa. Ni ina son addu'ar nan tun ina ƙarama, ina jin ta kamar waƙa, ina hango akuyar da ake roƙa wa tsari tana tsallaka titi lafiya ba ta san an yi mata addu'a ba. Yaya Mukhtar ya tsane ta. Sau nawa muka makara makaranta yana buga ƙafa a bayan mota, yana cewa da Turancinsa na 'yan Manchester babu akuya ko ɗaya a garin nan.

Yaya ya shiga uni, wato jami'a, yana karanta injiniyanci, a shekara ta biyu ya ajiye. Ya ce shi hannunsa ke son aiki, kuma ya sami gareji a Birmingham da za su ɗauke shi. Umma ta yi faɗa har muryarta ta dishe, daga baya ta huce. Baba bai ɗaga murya ba, abin da ya faɗa ne ya fi faɗan zafi. Ka san bai taɓa kiran Yaya da sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari, sai dai ya bi ta kaina. Muna zaune mu huɗu ya dube ni ya ce:

"Rumasa'u, tambayi yayanki, na tsallako teku ne don in ga ɗana a ƙarƙashin motar wani da baƙin mai a fuska? Ai da mun zauna a tasha."

Ranar tafiyarsa Yaya ya loda kayansa a 'yar motarsa ya tayar. Duk da fushin, Baba ya fito da silifas, ya dafa tagar motar ya fara addu'ar. Ya gama ta Larabci, ya kai kan wanda ke gabanmu, sai Yaya ya saki kuloci ya tafi. Hannun Baba ya zame daga jikin motar. Ya tsaya a bakin titi ya ƙarasa addu'ar shi kaɗai, har zuwa mai gyangyaɗi, sannan ya shige gida. Daga ranar suka daina magana. Yaya kan zo da salla ya durƙusa ya gaida shi, Baba ya amsa da lafiya lau yana kallon talabijin, shi ke nan. Ni na zama gadar da ke tsakaninsu, kuma kowace shekara ina jin gadar tana ƙara tsawo. Abin da nake tsoro shi ne ɗayansu ya bar duniya a haka.

Shekarar da nake son ba ka labarinta ta fara ne lokacin da ciwon sukarin Baba ya taɓa masa ido. GP, wato likitar unguwa, ta tura shi asibitin ido, can aka ce masa tuƙi ya ƙare. Ya dawo ya rataye makullin Mai Haƙuri a ƙusan bayan ƙofa, ya rufe ta da tamfol a lungun bayan gida. Da yamma sai in gan shi ta taga ya ɗaga gefen tamfol ɗin ya shiga ya zauna a mazaunin direba, bai tayar ba, yana zaune kawai, ruwan sama na sauka a kan rufin. Na faɗa wa Yaya a waya. Sai ya ce in tambayi Baba ko zai ba shi motar. Akwai wani tsohon filin jirgin sama a wajen Birmingham inda ake tseren motoci bibbiyu a kan miƙaƙƙen titi mai tsawon rubu'in mil. Babu kwana, babu zagaye. Fitila ta yi kore, ku tashi tare, wanda ya riga kai ƙarshe ya ci. A ƙarshen bazara akan ware rana guda kowa ya kawo abin da yake da shi. Wani abokin aikinsa mai suna Kieran, mai wata 'yar ƙaramar motar Japan ja, ya ga hoton Mai Haƙuri ya ce wannan ai motar ɗaukar gawa ce, kuma duk garejin suka ɗauka. Yaya ya rantse a gabansu sai motar babansa ta wuce ta Kieran.

Na kai wa Baba saƙon. Baba ya daɗe yana jan carbi.

"Gudu zai yi da ita?"

"Eh, Baba. Amma a fili ne, babu mutane, babu kowa a hanya."

"To ina za shi?"

"Ba inda za shi. Zai kai ƙarshen titin ne ya dawo."

"Mota ta tashi ba fasinja, ba kaya, ba garin da za ta." Ya girgiza kai. Can ya nuna ƙusan bayan ƙofa da haɓarsa. "Gaya masa lagiretonta na yoyo ta ƙasa. Kada ya yarda da allurar zafin inji, maƙaryaciya ce."

Ina shekarar ƙarshe a uni a lokacin, ina karanta adabi, ban san bambancin falogi da fiyus ba. Amma kusan kowace Asabar sai in hau bas zuwa Birmingham da kular abincin Umma a cinyata, in sami Yaya a wani ɗan rumbu da mai garejinsu ya ara masa a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Duk lokacin da jirgi ya wuce sai sifanu su yi rawa a jikin bango. Yaya ba shi da kuɗin sababbin kaya, don haka komai na Mai Haƙuri tsintacce ne. Injin daga wata motar alfarma ya fito, wadda aka murƙushe bayanta a haɗari, ya karɓe shi a wurin masu sayar da gwangwan bayan ya yi musu aikin gyara na makonni a madadin kuɗi. Turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi, daga jikin motar kwasar kaya ya ciro ta. Bututun salansa da hannunsa ya yi waldarsa daga guntayen da aka zubar, ya fito da shi ta gefe. Tayoyin baya wani ya gama yayinsu ya ba shi. Ni aikina riƙe fitila, miƙo sifana, da wanke kusoshi a cikin tsohuwar robar ayis kirim. Na fara son warin wurin. Nakan zauna a kan taya ina kallon tartsatsin walda na zuba kamar furannin da ba su da lokacin yin yaushi.

A hankali na lura saƙonnin da nake ɗauka sun canza. Baba zai tare ni tun a ƙofa ya ce me aka yi yau. In nuna masa hoto a waya, ya kai ta dab da idonsa mai ɗan gani, ya ce gaya masa wannan ƙafar injin ba za ta ɗauka ba, ya ƙara mata ƙarfe. Yaya ya ce gaya masa na riga na ƙara. Baba ya ce gaya masa ya ƙara wani. Rabin abin da nake kaiwa da kawowa ban fahimce shi ba, ina haddace shi ne kamar karatun allo. Na taɓa cewa Baba ga waya, ka faɗa masa da kanka mana. Ya ce kunnensa ba ya son waya.

Sai aka zo kan rage nauyi. A irin wannan tsere duk abin da ba ya tura mota gaba kaya ne, dole a sauke shi. Yaya ya cire kujerun baya layi biyu, ya cire kafet, ya cire rufin ciki, ya cire gilasan gefe na baya ya sa roba mai haske, ya cire rediyon da Baba ke jin labarai. Motar da aka ƙera don ta ɗauki iyali da buhuna ta koma kamar gidan da aka tashi daga cikinsa, in ka yi magana sai muryarka ta dawo maka. Ban nuna wa Baba hoton wannan ranar ba. Da Yaya ya ɗora sifana a kan kusoshin kujerar gaba ta fasinja, ban san lokacin da na je na zauna a kanta ba.

"Ruma, tashi mana. Wannan kujerar ta fi ki nauyi."

"Ba zan tashi ba."

"Kin san abin da za ta ci mini? Serious nake, kowane kilo yana da muhimmanci."

"Yaya, ka bar masa wurin zama guda ɗaya a motarsa."

"Ba zai zo ba."

"Ko bai zo ba."

Ya tsaya yana kallona, sifana a hannu, jirgi ya wuce a samanmu. Da ƙarar ta lafa ya jefa sifanar cikin akwati ya ce 'yan adabi matsala ne, ya koma wajen inji.

Ranar tseren, Baba ya zo. Umma ce ta tuƙo su daga Manchester, ta ce mini sai da ya sa ta tsaya a ƙofar gida har ya kai mai gyangyaɗi. Ya sa farar shadda da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, a filin da kowa ke sanye da baƙar riga mai tabon mai. Na riƙe hannunsa na kai shi wurin motar. Ya zagaya ta yana shafawa, ya leƙa ciki, ya miƙa hannu inda kujerun baya suke a da ya taɓa ƙarfe tsirara. Hannunsa ya dawo gaba ya sami kujerar fasinja, ya ɗan danna ta, ya bar shi a kai.

Yaya ya yi zagayen gwaji shi kaɗai. Mai Haƙuri ta ɗaga hanci ta yi wani ruri da ban taɓa zaton yana cikinta ba, mutanen da ke dariya a bakin shinge suka koma ihu. Amma da ta dawo, Baba ya karkata kai yana saurare tun kafin a kashe ta.

"Rumasa'u, gaya masa tana shan ruwa."

Yaya ya riga ya gani. Farin hayaƙi na fita kaɗan-kaɗan, gaskit ɗin injin, wato shimfiɗar da ke hana ruwa shiga cikinsa, ya fara sallamawa. Ya ce gudu ɗaya ya rage mata, in an yi sa'a, kuma babu wani injin da zai iya samu a bana ko baɗi. Gudun nan ɗaya shi ne na Kieran. Duk 'yan garejinsu sun zo, sun jeru da wayoyi. A irin wannan rana an yarda mutum ɗaya ya zauna a gefen direba idan ya sa hular kwano. Yaya ya ɗauko ta biyun, ya juya ta a hannu, bai dubi Baba ba, ni ya duba.

"Tambaye shi ko zai shiga."

Baba bai jira na maimaita ba. Ya cire hularsa ya miƙa wa Umma.

Na ɗaure wayata a jikin ƙarfen da ke bayan kujerunsu don ta ɗauki hoton tafiyar, shi ya sa abin da zan faɗa maka ba ji na yi a bakin wani ba. Suka matsa bakin layi, jar motar Kieran a gefensu tana tsuma. A gabansu akwai sanda mai fitilu, masu ruwan ɗorawa su sauko ɗaya bayan ɗaya, sannan kore. Babu wanda ya yi tunanin gaya wa Baba ya yi addu'arsa tun a wurin jira, kuma ko an gaya masa ban ce zai yarda ba, don a wurinsa lokacinta shi ne sa'ad da mota ta fuskanci hanya, giya ta shiga. Yaya ya saka giya. Baba ya ji shigarta a jikinsa, ya ɗora tafinsa a kan gwiwarsa, ya fara. Fitilun ba ya ganin su. Hannun Yaya bai taɓa ba, ko kusa. Ka riƙe wannan.

Kore ta kama yana tsakiyar ta Larabci. Kieran ya tashi kamar an harba shi. A hoton ana ganin ƙafar mahaifinka ta hagu a kan kuloci. Ɗaga ƙafa kawai zai yi. Shekara guda ta aikinsa, da rantsuwar da ya yi a gaban mutane, da gudu ɗayan da ya rage wa injin, duk suna kan wannan ƙafar. Daga inda nake tsaye na ga Mai Haƙuri a tsaye cak a kan koren fitila, mai sanarwa yana tambaya a lasifika ko ta mutu ne, mutane na fito da baki. Ni na san abin da ke faruwa a ciki. Na kama hannun Umma, na ji tana bin addu'ar a hankali.

Allah ya kai wanda ke gabanmu, in ji Baba, daidai lokacin da Kieran ke rabin titi. Aka bi ta kan mai tsallaka titi. Aka bi ta kan dabbar da ba ta da wayo. Da ya ce Allah ya ba mai sauri haƙuri, sai aka ji wata murya a cikin hular kwanon direba ta ce amin. Baba ya ɗan dakata. Ina jin a nan ne ya gane, don ƙarar ɗayar motar ta riga ta yi nisa. Bai yi sauri ba, bai kuma tsallake komai ba. Ya farkar da mai gyangyaɗi, ya shafa, sannan ya juya ya fuskanci ɗansa kai tsaye, ba ta kaina ba, ba ta kan kowa ba.

"To, direba. Bismilla."

Ban san yadda zan kwatanta maka tashin da ta yi ba. Titin babu kowa, nata ne ita kaɗai, doguwar tsohuwar mota mai launin ƙasa tana tsaga iska da hancinta a sama, hannun farar shadda na kaɗawa ta taga. A hoton babu abin da ake ji sai inji da dariyar Baba, irin dariyar da ban taɓa ji daga gare shi a ƙasar nan ba. Tana tsallake layin ƙarshe farin hayaƙi ya turnuƙe ta. Ba ta sake tashi ba har yau.

Kieran ne ya ci, babu gardama, wanda ya riga isa shi ne ya ci. Sai dai agogon filin ba ya fara ƙirga wa mota lokaci sai ta bar layi, kuma da allon ya nuna na Mai Haƙuri, ya fi na jar motar gajarta. Kieran da kansa ya zo ya nuna wa Yaya, yana cewa ka haukace ne, abokina, da ka cinye ni. Yaya ya ɗaga kafaɗa kawai. 'Yan gareji sun manta da allon, sun riƙe tsayuwar, sun ƙara mata gishiri, har ta zama labarin da ka ji a falo. Mu kuwa muka tura motar zuwa gefe, Baba da Yaya suka buɗe bonet suka sunkuya a cikin tururi suna musu a kan lagireto, Baba na cewa na faɗa maka allurar nan maƙaryaciya ce, Yaya na cewa ba lagireto ba ne, Baba, gaskit ne. Na tsaya a bayansu ina jiran a ce gaya masa. Ba a ce ba. Na koma wurin Umma muka buɗe kular abinci.

Baba ya ƙara shekara biyu a duniya, kuma a cikinsu kunnensa ya koyi son waya. Mai Haƙuri tana nan a rumbun ƙarƙashin gada, da kujerarta ɗaya ta fasinja, in ka ƙara girma ka ce a kai ka ka zauna a kai. Mahaifiyarka ta ce mini kullum da safe kana buga ƙafa a bayan mota, kana cewa Daddy za mu makara, babu akuya a Birmingham. Ka yi ta bugawa, Abba. Mahaifinka ba zai tashi ba sai ya kai mai gyangyaɗi.